Ikkilisiyar Life.Church da fasahar zamani: abin da allo ya ɗauka da abin da ya bari a wuyan mutane

Wata ranar Lahadi a shekarar 2001, masu sujada a wata ikkilisiya da ke yankin birnin Oklahoma a ƙasar Amurka suna zaune suna jiran fastonsu ya hau mumbari, sai ya zamana ba zai samu zuwa ba, domin matarsa ta haihu tsakanin sujadar yammacin Asabar da ta safiyar Lahadi. Maimakon a nemi wanda zai tsaya a madadinsa, sai ma'aikatan ikkilisiyar suka ɗauko bidiyon wa'azin da ya yi daren jiya suka haska shi a kan allo. Abin da shugabannin suka lura da shi, kamar yadda suka sha ba da labari daga baya, shi ne jama'a sun karɓi wa'azin yadda suka saba karɓarsa, kuma da aka yi kira ga masu son ba da gaskiya ga Almasihu an sami masu amsawa, kamar dai mai wa'azin yana tsaye a gabansu.

Faston shi ne Craig Groeschel, ikkilisiyar kuma ita ce wadda aka sani yau da suna Life.Church, mai hedikwata a garin Edmond na jihar Oklahoma. An zaɓe ta a wannan nazari ne domin da wuya a sami wata ikkilisiya guda da ta gwada hanyoyin fasahar zamani masu yawa kamar ita, tsawon shekaru fiye da ashirin, har wasu daga cikin gwaje-gwajen suka karɓu a duniya baki ɗaya, wasu kuma suka mutu aka daina jin ɗuriyarsu. Tarihinta yana ba da damar a gani a wuri guda wane ɓangare na hidimar ikkilisiya ne na'ura take iya ɗauka ta kai shi nesa, wane ɓangare ne kuma yake nan daram a wuyan mutane komai ingancin na'urar.

Daga gareji zuwa rassa

Groeschel ya kafa ikkilisiyar a 1996 tare da mutum kusan 40, a cikin garejin mota, da majigi na aro, a ƙarƙashin ɗarikar Evangelical Covenant, shi ya sa sunanta na farko ya kasance Life Covenant Church. Cikin 'yan shekaru jama'a suka yi yawa har sai an maimaita sujada sau da dama a ƙarshen mako. A 2001 ta haɗe da wata ikkilisiya ta garin Edmond mai suna MetroChurch, ta wayi gari da wuraren sujada biyu da babban mai wa'azi ɗaya. A nan ne abin da lalura ta sa aka yi ranar haihuwar nan ya zama tsari, domin idan jama'a za su iya sauraron wa'azi ta allo sau ɗaya ba tare da wani abu ya ragu ba, babu abin da zai hana a yi hakan kowane mako, a gari fiye da ɗaya.

Yadda tsarin yake aiki har yau shi ne, kowane reshe yana da fastonsa da ke zaune a garin, da mawaƙansa, da masu tarbar baƙi, da malaman yara. Waƙoƙi da addu'a da sanarwa duk mutanen wurin ne suke yi, idan lokacin wa'azi ya yi kuma sai kowa ya fuskanci allo, a ji saƙo ɗaya a dukkan rassan. Da wannan hanya ikkilisiyar ta kai rassa fiye da 40 a jihohin Amurka sama da goma.

Abin lura a nan shi ne, ikkilisiyar ta tsaga aikin fasto gida biyu ba tare da ta yi shelar hakan ba. Akwai koyarwa, wadda ana iya naɗa sau ɗaya a watsa ta sau dubu ba ta ragu da komai ba. Akwai kuma kiwon jama'a, wato duba marar lafiya, sulhunta ma'aurata, zama da waɗanda aka yi wa rasuwa, da gane wanda ya daina zuwa tun kafin ya ɓace, kuma duk waɗannan sai da mutum a wurin. A ganina duk abin da ikkilisiyar ta ƙirƙiro daga baya a kan wannan tsagi ya ginu, kuma nasararta ta fi yawa a duk inda ta riƙe bambancin a zuciya.

Reshen da ba shi da gini

A lokacin Ista, wato bikin tashin Almasihu daga matattu, na 2006 ikkilisiyar ta buɗe abin da ta kira reshenta na intanet, wanda daga baya aka raɗa wa suna Church Online. A wancan lokaci YouTube bai daɗe da cika shekara guda ba, wayar iPhone kuwa ba ta fito ba tukuna, saboda haka mai son shiga sai ya zauna gaban kwamfuta. Ikkilisiyoyi da dama sun riga sun saba ajiye wa'azi a shafukansu domin mai so ya saurara lokacin da ya ga dama. Abin da ya bambanta wannan reshe shi ne an tsayar masa da lokuta, kamar yadda ake tsayar da lokacin sujada a majami'a, domin mutane su hallara tare su san cewa akwai wasu tare da su.

A gefen bidiyon akwai wurin hira ta rubutu, inda masu aikin sa kai da aka horar suke gaishe da duk wanda ya shigo, suna amsa tambayoyi, suna kuma kwantar da ƙura idan wani ya shigo da zagi ko neman gardama. Wanda yake da damuwar da ba zai iya faɗa a bainar jama'a ba yana danna wani maɓalli, sai a buɗe masa hira ta sirri da mutum ɗaya da zai saurare shi ya yi addu'a tare da shi. A ƙarshen wa'azi, daidai inda a majami'a ake cewa mai son ba da gaskiya ya ɗaga hannu, nan ma akwai maɓallin ɗaga hannu. Ana maimaita sujadar sau da yawa a cikin mako, dare da rana, domin na Asiya da na Afirka da na Turai kowa ya sami lokacin da ya dace da agogonsa.

Idan aka duba da kyau, bidiyon shi ne abu mafi sauƙi a cikin wannan tsari, tunda an riga an naɗe shi domin rassa. Abin da yake cin ƙarfi shi ne mutanen da ke bayan hirar, waɗanda sai an nemo su, an tantance su, an horar da su, an raba musu lokuta, an kuma kula da su kada su ƙosa, domin wanda yake sauraron kukan baƙi da tsakar dare shi ma yana bukatar mai sauraronsa. Ikkilisiyoyi da yawa da suka kwaikwayi tsarin sun sayi kyamara sun manta da wannan ɓangare, sai abin nasu ya koma talabijin kawai.

Yadda ake jawo mutane zuwa reshen ma abin nazari ne. Ikkilisiyar ta riƙa sayen tallace-tallace a Google waɗanda suke bayyana ga mutumin da ya rubuta kalmomin neman hotunan batsa, tallan yana gayyatarsa ya leƙa sujada a maimakon abin da ya fito nema. Wannan ya dace da ƙa'idar da Groeschel ya sha nanatawa, cewa za su yi duk abin da ba zunubi ba ne domin su kai ga waɗanda ba su san Almasihu ba. Hikimar da ke ciki ita ce, abin da mutum yake rubutawa a wurin bincike shi kaɗai yakan fi abin da yake faɗa wa fasto kusa da gaskiyar halinsa. Abin tsoron ma a nan yake, domin an shiga wani lungu na rayuwar mutum da bai gayyaci kowa cikinsa ba, ko da kuwa da kyakkyawar niyya aka shiga.

Ba kowane gwaji ne ya yi tsawon rai ba. A 2007 ikkilisiyar ta gina majami'a a cikin Second Life, wata duniyar kwamfuta da mutane suke yawo a cikinta da siffofin da suka zana wa kansu. An yi ta maganarta a jaridu, amma da farin jinin dandalin ya dushe, sai majami'ar ita ma ta bi shi. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma ba mamaki irin wannan ne ya ƙara wa ikkilisiyar niyyar gina kayan aikinta da kanta maimakon dogaro da filin wasu.

Manhajar da aka kusa binnewa

Mutumin da ya fi kowa tasiri a wannan fanni shi ne Bobby Gruenewald, wanda ya kafa kamfanonin intanet ya sayar tun yana matashi, ya fara hidima a ikkilisiyar a cikin makaɗa a matsayin ɗan sa kai, kafin ya zama ma'aikacinta a 2001. Bisa labarin da yake bayarwa, a watan Oktoba na 2006 yana tsaye a dogon layin binciken tsaro a filin jirgin saman O'Hare da ke Shikago, yana tunanin yadda shi kansa ba ya karanta Littafi Mai Tsarki yadda ya kamata, sai tambaya ta faɗo masa ko fasahar wannan zamani za ta iya yi wa karatun Littafin irin abin da injin ɗab'i na Gutenberg ya yi masa a ƙarni na 15.

Abin da aka fara ginawa shafin intanet ne mai suna YouVersion, wanda aka buɗe a 2007, inda mai karatu zai iya liƙa wa aya sharhinsa, ko hoto, ko bidiyo, wasu su gani. Mutane sun zo sun leƙa amma ba su riƙa dawowa ba, su kansu waɗanda suka gina shafin kuma sun amsa cewa bai sauya yadda suke karatu ba. Zuwa farkon 2008 har an fara shirin rufe shi. Kafin a kai ga haka, sai aka gwada rage masa nauyi yadda zai buɗu a ƙaramin allon wayoyin wancan lokaci irin su BlackBerry, wanda ya tilasta a zubar da yawancin kwalliyar a bar nassi kusan shi kaɗai. Nan da nan Gruenewald ya ga yana karatu fiye da da, saboda Littafin yana aljihunsa duk inda ya shiga, adadin masu shiga ta waya kuma ya nuna cewa ba shi kaɗai ba ne.

A daidai wannan lokaci ne kamfanin Apple ya sanar cewa zai buɗe wa masu ƙirƙirar manhajoji ƙofa. Aka ba wani matashin ma'aikacin ikkilisiyar ɗan shekara 19 aikin mai da YouVersion manhajar waya, kuma ranar da App Store, kasuwar manhajoji ta Apple, ya buɗe a watan Yuli na 2008, manhajar tana cikin manhajojin kyauta 200 na farko. Cikin kwana uku an sauke ta a wayoyi dubu 83. A 2013 adadin ya kai miliyan 100, a watan Nuwamba na 2021 ya kai miliyan 500, a 2025 kuma aka sanar da biliyan ɗaya idan an haɗa da 'yan'uwanta, wato manhajar yara da aka fitar a 2013 tare da ƙungiyar OneHope, da wata marar nauyi da aka yi domin ƙananan wayoyi da wuraren da intanet yake da rauni. A yau tana ɗauke da fassarori fiye da 3,000 a harsuna fiye da 2,000, har da Hausa, da yawa daga cikinsu kuma ana iya sauraronsu da murya, abin da yake da muhimmanci ga makaho da wanda bai iya karatu ba.

Wannan ɓangare na labarin ya cancanci a tsaya a kansa. Tunanin farko, wanda ya fi kama da sabuwar dabara, shi ne ya faɗi, wanda kuma aka yi a matsayin gwajin ƙarshe kafin a rufe shago shi ne ya tashi. An ɗauka abin da yake hana mutane karatu shi ne rashin abin ƙayatarwa a gefen aya, alhali matsalar ita ce tazarar da ke tsakanin mutum da littafin a lokacin da ya sami minti biyar na hutu. Da shugabannin sun kafe a kan shafin farko saboda wahalar da aka sha a kansa, ko kuma da sun rufe shi ba su duba abin da adadin masu shiga ta waya yake nunawa ba, da labarin ya ƙare a nan.

Akwai kuma wani aiki da ba ya bayyana a allo, wanda ya fi rubuta manhajar wuya. Fassarorin zamani suna da masu haƙƙin mallaka, wato kamfanonin ɗab'i da ƙungiyoyin fassara, waɗanda da kuɗin sayar da littattafai suke gudanar da ayyukansu. Shawo kansu su yarda a ba da nassin kyauta ya ɗauki shekaru ana bin su ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙarfin manhajar a yau a kan wannan amana ya tsaya, domin ikkilisiyar ba ita take fassarawa ba, hanya kawai take buɗe wa aikin da wasu suka shafe shekaru suna yi.

Da aka samu mutane suka sauke manhajar, sai tambayar ta koma yadda za a sa su riƙa buɗe ta. Amsar ita ce ayar yini da take zuwa a wayar mutum, da tsare-tsaren karatu na kwana uku ko bakwai ko shekara guda, da ƙirga kwanakin da mutum ya jera yana buɗewa ba fashi, da lambobin yabo, da damar yin karatu tare da abokai. Duk wanda ya san yadda shafukan sada zumunta suke kama mutane zai gane dabarun, har masu koyar da yadda ake ƙera manhajar da ke zame wa mutum jiki suna kawo wannan manhaja a matsayin misali. Masu ginata suna ganin babu laifi a yi amfani da ƙugiyar da ake kama mutane da ita zuwa ga banza domin a jawo su zuwa ga alheri. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta rufe bakin tambaya ba, domin mutumin da ya buɗe manhajar da ƙarfe sha ɗaya da minti hamsin na dare don kada lissafin kwanakinsa ya tsinke, da wuya a ce ƙishirwar Maganar Allah ce ta tashe shi. Tim Hutchings, masanin zamantakewar addini a Birtaniya wanda ya yi bincike a kan Church Online da YouVersion, ya nuna cewa tsarin manhajar yana ɗauke da fahimtar masu ginata game da yadda ya kamata a karanta Littafin, wato a kai a kai, kowa da kansa, yana kuma raba wa wasu. Wannan ba aibu ba ne, sai dai hanya ɗaya ce daga cikin hanyoyin da Kiristoci suka bi a tarihi, kuma ayar da aka ciro ita kaɗai aka ɗora a kan kyakkyawan hoto kusan kullum mai sanyaya zuciya ce, tsawatawar annabawa kuwa ba ta cika samun mai tura ta ba.

Bayarwa kyauta

A 2006, lokacin da Groeschel yake cewa ita kanta ikkilisiyar tana cikin matsin kuɗi, shugabanninta suka yanke shawarar ba sauran ikkilisiyoyi kayan aikinsu kyauta maimakon su sayar, kamar yadda manyan ikkilisiyoyi da dama suke yi. Wa'azozi, bidiyoyi, zane-zane da darussan yara duk aka zuba su a wani shafi da a yau ake kira Open Network. Bayan wasu shekaru aka ɗauki dandalin da reshen intanet yake gudana a kansa aka miƙa shi ga kowace ikkilisiya da take so, da suna Church Online Platform. Ita ma manhajar Littafi Mai Tsarki ba a sayar da ita, ba a sa talla a cikinta, masu ita kuma suna cewa ba sa sayar da bayanan masu amfani da ita. Kuɗin injiniyoyi da na manyan kwamfutocin da suke riƙe da ita daga baikon ikkilisiya da gudummawar masu bayarwa yake fitowa.

Ana iya karanta wannan shawara da idon bangaskiya, a tuna umarnin da ke Matiyu 10:8 cewa wanda ya samu kyauta ya bayar kyauta. Ana kuma iya karanta ta da idon lissafi, domin abin da aka riga aka ƙera a kwamfuta, kwafinsa na miliyan bai fi na farko tsada da wani abin kirki ba, kuma farashi komai ƙanƙantarsa shinge ne ga wanda ba shi da katin banki. Karatun biyu ba sa cin karo da juna. Sai dai kyauta ma tana da nata nauyi, domin idan dubban ikkilisiyoyi a ƙasashe dabam-dabam suna koyar da yaransu da darasi ɗaya da aka rubuta a Oklahoma, to murya ɗaya ta yi nisan da babu wani taron dattawa da ya zauna ya amince mata da shi, kuma fasto mai ƙarancin lokaci yana iya sabawa da ɗaukar abin da aka gama maimakon ya zauna ya yi nazari a kan bukatar jama'arsa.

Shekarar kulle

Ranar 11 ga Maris, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, cikin 'yan kwanaki kuma aka rufe majami'u a ƙasashe da dama. Fastocin da ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba suka sami kansu suna wa'azi ga kujeru. Life.Church kuwa tana da shekara 14 tana wannan aiki, kuma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Cikin 'yan makonni dubban ikkilisiyoyi suka yi rajista a dandalinta na kyauta, da yawansu a kansa suka yi sujadar Ista ta ranar 12 ga Afrilu. A ƙarshen shekarar YouVersion ta sanar cewa ayar da aka fi karantawa da ja wa layi da turawa ita ce Ishaya 41:10, wadda take cewa kada ka ji tsoro gama ina tare da kai, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna irin abin da manhajar take iya sani game da halin da zukatan miliyoyin mutane suke ciki a lokaci guda.

Shekarar ta kuma bayyana iyakar abin. Cibiyar bincike ta Barna ta gano a tsakiyar 2020 cewa kusan ɗaya cikin uku na Kiristocin Amurka da suka saba zuwa sujada sun daina halartar kowace iri, har da ta intanet, duk da cewa ba a taɓa samun lokacin da shiga sujada ya yi sauƙi kamar wannan ba. Bayan an buɗe majami'u, wani rahoton cibiyar Pew na 2023 ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na manyan Amurka suna kallon sujada ta allo a kai a kai, yawancinsu kuma sun gamsu da abin da suke gani. Amma da aka tambaye su game da jin kusanci da sauran masu sujada, kashi 28 cikin 100 ne kawai na masu kallo suka ce suna jinsa sosai, alhali a cikin masu zuwa da ƙafarsu adadin ya kai kashi 65. Wa'azin ya tsallaka ta allo lafiya, kamar yadda ya tsallaka ranar haihuwar nan ta 2001, zumuntar ce ta maƙale a hanya.

Abin da alƙaluma ba sa nunawa

Masu sukar sujada ta intanet sukan kafa hujja da Ibraniyawa 10:25, inda aka gargaɗi masu bi kada su bar yin taro, masu kare ta kuma sukan amsa cewa taron da ake yi a lokaci guda ana gaisawa ana yi wa juna addu'a shi ma taro ne. Gardamar ta fi zafi idan aka zo kan baftisma da Jibin Ubangiji. Fadar Vatikan ta bayyana tun 2002, a wata takarda kan ikkilisiya da intanet, cewa babu sakramenti, wato ibadu irin waɗannan biyun, a intanet, wasu ikkilisiyoyin Furotesta kuwa a lokacin kulle sun yarda kowa ya tanadi gurasa da ƙoƙo a gidansa a ci tare ta allo, wasu daga cikinsu kuma suka ƙi. Duk matsayin da aka ɗauka, ruwan baftisma ba ya bin waya, dole wani ya tsaya kusa da mai tuban ya riƙe shi.

Adalci kuma yana bukatar a tuna da waɗanda allo ne kaɗai ƙofarsu: tsohuwar da ba ta iya fita, majinyacin da ke kwance, mai aikin dare, wanda yake zaune a ƙasar da shiga majami'a zai iya jawo masa asarar rai, da wanda kunyar abin da ya aikata ta hana shi haɗa ido da kowa. Ga irin waɗannan, cewa sujada ta allo ba ta kai ta majami'a ba magana ce ta wanda yake da zaɓi. Mutane da yawa kuma sukan leƙa ta allo makonni kafin su sami ƙarfin halin taka ƙofar ginin.

Inda ya kamata mai nazari ya yi hattara shi ne wajen manyan lambobin da ake sanarwa. Saukewa biliyan ɗaya ba ya nufin masu karatu biliyan ɗaya, domin mutum ɗaya yana iya sauya waya sau biyar cikin shekara goma, wani kuma ya sauke bai sake buɗewa ba. Danna maɓallin ɗaga hannu yana nuna wani abu ya taɓa zuciyar mutum a wannan daƙiƙa, amma ba ya faɗin inda yake bayan wata shida, ko ya sami wanda zai koyar da shi, ko ya daina dukan matarsa, ko ya mayar da abin da ya karɓa da zalunci. Kwamfuta tana ƙirga abin da yake da sauƙin ƙirgawa, kuma hukumar da take ganin lambobi suna hawa kowace safiya tana iya fara kiwon lambobin ba ta sani ba. Manufar da ikkilisiyar ta rubuta wa kanta ita ce ta mai da mutane cikakkun mabiyan Almasihu, wannan kuwa babu na'urar da take auna shi.

Da alama shugabannin sun san da wannan giɓi, domin duk wanda ya ɗaga hannu a reshen intanet ana neman ya bar hanyar da za a tuntuɓe shi, ana tura masa abin da zai fara da shi, ana kuma ƙarfafa shi ya shiga ƙaramin rukunin zumunta, irin waɗanda suke kira LifeGroups, inda mutane kaɗan suke haɗuwa a kai a kai har su san sunan juna da damuwar juna. Hausawa suna cewa zumunci a ƙafa yake, kuma ikkilisiyar da ta buɗe reshen intanet tun 2006, ta sa Littafi Mai Tsarki a wayoyin ɗaruruwan miliyoyin mutane, ba ta daina sayen filaye tana gina majami'u a sababbin garuruwa ba, har bayan shekarar kulle. A kowane sabon gini ana kafa babban allon da wa'azi zai fito daga Oklahoma, ana kuma ɗaukar faston da zai zauna a garin, wanda shi ne zai shiga ruwa da masu baftisma, shi ne kuma za a buga wa waya idan an kwantar da wani a asibiti.